Tazarar Shuka: Abin Da Muka Gano A Gonar Gyaɗa

Ranar da malaminmu na fannin noma ya miƙa mana igiya da ma'auni ya ce mu auna tazarar ramuka kafin mu shuka gyaɗa, dariya muka yi. Yawancinmu 'ya'yan manoma ne, kuma a gida da ido ake shuka, ko da tafin ƙafa. Sai da ya sa mu yi lissafi jikinmu ya yi sanyi.

Ku ma ku gwada. Idan tsakanin kunya da kunya santimita 75 ne, tsakanin rami da rami kuma santimita 25, hekta ɗaya za ta ɗauki ramuka kusan 53,000. Ku rage tazarar ramukan zuwa santimita 10, sai su haura 133,000. Gona ɗaya ce fa, noma ɗaya.

Mai ware shuka yakan ce irin yake tattali, kuma da gaskiyarsa, iri na da tsada. Kowane gindi ma zai fi zuba 'ya'ya. Amma buhu ba gindi ɗaya ke cika shi ba. Filin da aka bari tsirara rana ce ke shanye laimarsa, ciyawa ta mamaye shi. Uwa-uba darɓa, ƙwarin nan da ke yaɗa cutar kuturtar gyaɗa, sun fi sauka a gonar da ke da giɓi. Ku tambayi kakanninku abin da cutar nan ta yi wa gyaɗar Arewa a 1975. Shi ya sa masana ke cewa a shuka da wuri, a kuma matse, ganye ya rufe ƙasa.

Sai dai matsi ma yana da iyaka. A kunyoyin da muka cunkushe da gangan, harawa muka samu mai yawa (akuyoyi dai sun ji daɗi), kwanson kuwa ƙanana, wasu ba ƙwaya. Tsirran sun yi ta rububin ruwa da haske, ganyen ya jiƙe ya ƙi bushewa.

Irin ma abin dubawa ne. Gyaɗa mai tsayuwa, kamar wasu nau'o'in SAMNUT na cibiyar bincike ta Samaru, tana jure matsi. Mai yaɗo kuwa sai an ba ta wuri.

Bana in an yi hutun damina, ku roƙi Baba kunyoyi huɗu. Biyu ku shuka yadda ya saba, biyu ku auna da igiya. Ranar cira ku kira shi ya riƙe kwanon awo da kansa.