BIM: Gina Bene a Kwamfuta Kafin a Zuba Kankare

Babban ginin kasuwanci, irin mai hawa hamsin ko ɗari, ba hannu ɗaya ke zana shi ba. Mai zanen gini na da nasa takardun, injiniyan da ke lissafin rodi da kankare na da nasa, haka masu wutar lantarki, masu famfo, masu na'urar sanyaya ɗakuna da masu bututun kashe gobara. Kowa a ofishinsa yake zana nasa, kuma kowane zane daidai yake in an dube shi shi kaɗai. Rigimar a wurin aiki take tashi, ranar da mai famfo ya ɗauko bututunsa ya tarar da ginshiƙin kankare tsaye ƙiƙam a inda takardarsa ta ce ya bi. Sai fashe-fashe, sai tsayar da aiki, sai musayar wasiƙu tsakanin ɗan kwangila da mai gini kan wanda zai biya. Duk wanda ya taɓa gina ko da ɗaki biyu ya ga irin wannan: an gama filasta har an yi fenti, sannan mai wayarin ya iso da guduma yana sassaƙe bango. A bene mai hawa ɗari, wannan sassaƙar miliyoyin daloli ce.

Maganin wannan matsala shi ne babban amfanin tsarin da ake kira BIM. A wannan tsari ana gina samfurin ginin baki ɗaya a cikin kwamfuta, da tsawo da faɗi da bisa, kuma kowane abu da ke ciki yana ɗauke da bayaninsa. A tsohon zane ƙofa layuka ce kawai a takarda. A nan kuwa tana tafe da faɗinta, da kayan da aka yi ta da shi, da kamfanin da ya ƙera ta, da tsawon lokacin da za ta iya tare wuta idan gobara ta tashi. In aka matsar da bango ɗaya, duk zanen da bangon ya fito a ciki zai gyaru da kansa, lissafin bulo da siminti ma ya sauya.

Tunanin ba sabo ba ne. Tun 1975 wani malamin jami'a a Amurka, Charles Eastman, ya yi rubutu a kansa, sai dai kwamfutocin zamanin ba su da ƙarfin ɗaukarsa. Manhajar ArchiCAD ta fito daga Hungary a shekarun 1980, Revit ta biyo baya a 2000, kamfanin Autodesk kuma ya saye ta a 2002.

Abin da ya fi ɗaukar ido shi ne hoton ginin yana juyawa a allo, amma a ganina wannan ne mafi ƙarancin amfaninsa. Aikin gaske yana wurin haɗa samfuran. Kowane ɓangare ya kawo nasa, a ɗora su kan juna a manhaja irin Navisworks, ita kuma ta zayyano duk inda abubuwa biyu suka yi karo: bututun ruwa ya ratsa ƙarfe, hanyar iska ta toshe ta wayoyi, ko an bar injin a lungun da mai gyara ba zai iya zura hannu ba. A babban aiki jerin kan kai dubbai. Sai a zauna taro, mako bayan mako, ana bin su ɗaya bayan ɗaya ana yanke wanda zai kauce wa wani. Taro ne mai gundura, babu shakka, amma matsar da bututu a allo aikin minti kaɗan ne. Wasu kan haɗa samfurin da jadawalin aiki su kalli yadda ginin zai tashi wata-wata, wasu kuma su haɗa shi da farashin kaya.

Hasumiyar Shanghai da ke China ta nuna inda abin ya kai. Tsayinta mita 632, hawa 128, da ofisoshi da otal da shaguna a ciki. Kamfanin Gensler ne ya zana ta, aka fara ginin a 2008 aka kammala a 2015. Jikinta a murɗe yake, yana juyawa digiri 120 daga ƙasa zuwa sama, kuma ba don ado kaɗai ba: masu zanen sun ce murɗewar ta rage ƙarfin bugun iska da kashi 24 cikin ɗari. To amma gini mai murɗewa yana zuwa da nasa ciwon kai, domin babu hawa biyu da suka zo daidai da juna. Gilasan da suka lulluɓe wajenta sun haura 20,000, masu siffofi daban-daban fiye da 7,000. Wa zai zauna ya zana waɗannan da hannu bai yi kuskure ba? Daga samfurin aka ciro ma'aunin kowane gilashi aka aika masana'anta, aka ƙera shi can, aka kawo shi ya zauna a gurbinsa ɗaruruwan mitoci sama da ƙasa, inda babu halin a ce a ɗan rage shi da zarto.

Gwamnatoci ma sun sa baki. Birtaniya ta sanar a 2011 cewa daga 2016 dole a yi amfani da BIM a ayyukan ginin gwamnatin tsakiya. Singapore ta wajabta shi tun 2015 ga sababbin gine-ginen da faɗinsu ya wuce murabba'in mita 5,000. A 2018 aka fitar da ƙa'idar duniya mai lamba ISO 19650 kan yadda za a tsara bayanan, akwai kuma wani tsarin fayil mai suna IFC da ke ba manhajoji daban-daban damar karanta aikin juna.

Wahalar da ta rage ta mutane ce. BIM yana jawo kashe kuɗi da yanke shawara zuwa farkon aiki, lokacin da mai gini ke ɗokin ganin an fara haƙa tushe, yana ganin watannin da ake yi a gaban kwamfuta ɓata lokaci ne. Ga tambayar alhaki: idan kamfanoni goma suka sa hannu a samfuri ɗaya aka samu kuskure, wuyan wa za a kama? Ga ƙananan 'yan kwangila da ba su da kuɗin lasisin manhaja ko ma'aikacin da ya iya ta. A Abuja da Legas masu zane da dama sun iya Revit, amma sau da yawa aikinta ya tsaya ga fitar da hoto mai kyau da za a nuna wa mai kuɗi, injiniyoyi kuma kowa ya ci gaba da nasa zanen daban.

Inda aka fi yin sakaci shi ne bayan miƙa makulli. Gini na ɗaukar 'yan shekaru ana yin sa, amma gomman shekaru zai yi ana gyara da kula da shi, kuma mai kula da shi ne ya fi kowa buƙatar sanin inda kowane bututu ya bi da ranar da aka saka kowane injin. Hakan ba ya samuwa sai an riƙa gyara samfurin duk lokacin da aka sauya wani abu a wurin aiki. Shi ya sa masu ginin da suka san kan abin suke rubuta shi a yarjejeniya tun farko: irin bayanan da suke so, wanda zai riƙa sabunta su, da sharaɗin cewa ba za a biya kuɗin ƙarshe ba sai an miƙa samfurin da ya yi daidai da abin da aka gina.