Kuɗin asusun mata ba na Nasara ba ne

Da zarar an ga motar wata ƙungiya ta tsaya a Matankari ko Kore Mai Ruwa ana rubuta sunayen mata, kafin la'asar labari ya game gari cewa an kawo kuɗi za a raba. Maza su hau lissafin abin da zai faɗo gidajensu, wasu kuma su ce ai kuɗin Nasara ne, ko ba a biya ba babu mai bin sawu. A ganina wannan magana ta fi fari yi wa ƙungiyoyin matan ƙasar Arewa ta Nijar ɓarna.

Tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi ya fara, a 1991, a hannun ƙungiyar CARE da wata ma'aikaciyarta 'yar ƙasar Nowe, Moira Eknes. A kan adashen da iyayenmu mata suka sani aka gina shi, kuma ba jari aka kawo musu ba, horo aka ba su. Mata kamar 20 zuwa 30 ne ke haɗuwa kowane mako, kowacce ta zuba abin da aka yanke. Akwatin na da kwaɗo uku, mabuɗan suna hannun mata uku, ta huɗu ce ke ajiye shi a ɗakinta, ba a kuma buɗe shi sai a gaban kowa. A ce mata 25 ne, kowacce na zuba dala ɗari a mako: a shekara sun tara jika 650 ba tare da sisin kowa ba. Daga Nijar wannan dubara ta bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka, har da Asiya.

Inda gardama take shi ne ƙarin da ake ɗorawa. A ƙungiyoyi da yawa, wadda ta ɗauki jika 10 takan mayar da jika 11 bayan wata ɗaya. Mai ƙididdiga zai ce wannan ya yi tsanani, tunda tun 2014 dokar ƙasashen da ke amfani da sefa a yammacin Afirka ta hana cibiyoyin ba da ƙananan rance wuce kashi 24 cikin 100 a shekara. Gaskiyarsa, amma ya manta inda jikar nan ke zuwa. Cikin akwatin take komawa, ranar fasa asusu kuma a raba ta da mai bashin a ciki. Kamar wanda ya ɗebi tiya goma a rumbun gidansu ne ya mayar da sha ɗaya: hatsin bai bar gida ba. Ƙarin da aka biya wa cibiyar waje kuwa ya tafi ke nan. Malamai na da ta cewa a kan duka biyun, su ma matan suna tambaya, sai dai bai kamata a haɗa ƙarin asusu da na cibiya a kwando ɗaya ba.

Rancen wata ɗaya ya dace da mai tuyar ƙosai, da mai matsar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, waɗanda kuɗinsu ke juyawa kowace ranar kasuwa. Bai ishi mai kiwon ragon layya ba, balle mai lambun dankalin Turawa a Dogon Dutsi da zai jira wata uku kafin ya tona. Nan ne ake zuwa ga cibiyoyin waje, su kuwa ba sa ba da bashi sai ƙungiya ta tsaya wa juna, in ɗaya ta kasa sauran su biya. Daga ranar nauyin ya koma wuyan shugabar ƙungiya. Ita ta san wadda mijinta zai karɓe kuɗin ya yi guzurin tafiya bida, ta san wadda za ta sa su a gara. Ita ce za ta kalli 'yar ɗakinsu ta ce, “Yaya, ki yi haƙuri, bana ban da ke.” Ba ta da albashi, kuma in an yi taron yabo a Yamai ba kasafai ake tuna ta ba. Ita ma fa mutum ce: ranar da ta fara karɓar bashi da sunan wasu, ko ɗan siyasa ya mayar da ita mai tara masa mata, ƙidayar da ake yi a bainar jama'a ta zama wasa.

Ko a duniya an rage zuzuta rancen. Muhammad Yunus ya sami lambar Nobel a 2006 saboda bankin Grameen mai ba da ƙananan rance, amma bincike shida da aka fitar tare a 2015, daga ƙasashe irin su Habasha, Maroko da Indiya, sun nuna amfanin ƙaramin bashi matsakaici ne, ba ya fid da gida daga talauci shi kaɗai. Matan Tibiri da Dumega sun ga wannan da idonsu a 2023, lokacin da aka rufe iyaka da Najeriya: bashi ba ya kawo mai saye.

Saboda haka masu zuwa da mota, kafin su buɗe jakar kuɗi, su fara tambayar shekara nawa ƙungiya ta yi tana fasa asusunta lafiya, su kuma koya wa mace fiye da ɗaya karanta littafin lissafi. Har yanzu akwai ƙungiyoyin da ɗan makarantar maƙwabta ne ke rubuta musu abin da suka zuba.