'Yan Matan Guci Da Aure Ya Kai Nesa

A Guci da ke gundumar Dungas, kamar sauran ƙasar Hausa, mace ce ke tashi idan an ɗaura aure. Ana kai amarya gidan miji da kayan ɗaki da gara, wani lokaci ƙauyen da ke kusa, wani lokaci Dungas, Wacha ko Magarya, wani lokaci kuma a tsallake iyaka zuwa Maigatari ko Babura a Jigawa. Iyakar da Faransa da Ingila suka kafa wa alamomi tsakanin 1906 da 1908 ba ta hana wannan zirga-zirga ba, haka ma raba Dungas daga gundumar Magarya a 2011.

Sai dai salsala ta wajen uba ake lissafa ta. Dattijo zai jero maka wane ɗan wane har kaka biyar, amma ka tambaye shi ƙannen kakansa mata, sai ya ce, "Akwai wadda aka kai gabas." Nan maganar ta tsaya.

Sunanta ma yakan ɓace. A gidan miji kunya kan hana wasu surukai kama sunan yanka, sai a kira ta da garinsu: 'Yar Guci, ko Ta Wacha. A gidan iyaye kuwa Talatu ce ko Jummai, sunan ranar da aka haife ta. Idan sunan kakarta aka mayar mata, Inna ko Uwa kowa ya sani. Mace ɗaya, suna uku, kowane gari da wanda ya riƙe.

Duk da haka al'ada ta bar sawu. Haihuwar fari a gidan iyaye ake yin wankan jego, shi ya sa ɗan fari yakan san gidan kakanninsa na wajen uwa. Tsagar fuska kan nuna asali, kuma wanzamin gida ya san 'ya'yan da ya yi wa aski ranar suna. Tsofaffin mata, waɗanda su ne 'yan rakiyar amarya, sun fi kowa sanin inda aka kai kowace. Shekara kuwa da abin da ya faru ake tuna ta: "Bayan yunwar El-Buhari aka yi bikinta," wato bayan 1984.

Wanda ke son tattara wannan tarihi, ya sayi littafi ya ware wa kowace mace shafi. Ya rubuta sunan yanka da duk laƙabinta, sunan uba da na uwa, garin haihuwa, garin aure, sunan miji da 'ya'ya. Idan ta sake aure, a ƙara. A ƙarshen littafin a jera sunaye bisa garuruwa, domin mai nema daga Babura ya san inda zai duba. Takardun ma'aikatar magajin gari suna taimakawa, amma auren da aka ɗaura a zaure gaban liman sau da yawa bai shiga rajista ba.

Aikin yana da nauyi a addini. 'Ya mace tana da rabonta a gonar uba, kuma idan ta rasu 'ya'yanta suna cikin magadanta, ko suna Maigatari. Wanda ya sha nono ɗaya da yarinya, aure ya haramta tsakaninsu, kuma tsofaffi ne kaɗai ke riƙe da wannan sani. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, to ƙafa ba ta zuwa inda ba ta sani ba. A je wurin kaka da alƙalami tun tana iya ba da labari.