Ko Ka Sani? Ƙwaron da Masani Ya Ɗauki Mijin da Matar Jinsi Biyu

A dazuzzukan Niyu Zilan akwai wani ƙwaro siriri mai dogon baki, Lasiorhynchus barbicornis, ɗan uwa na nesa ga ƙwaron nan da ke huda masara a rumbu. Duk ƙasar ba ƙwaro mai taurin baya da ya kai shi tsawo.

Joseph Banks ne ya kwaso samfurinsa a tafiyar farko ta Kyaftin Cook. A 1775 Fabricius, masanin ƙwari ɗan Danmak kuma almajirin Linnaeus, ya wallafa bayaninsa. Ya duba namijin ya raɗa masa Curculio barbicornis, ya duba macen ya ce wannan wani jinsi ne daban, ya sa mata Curculio assimilis. Miji da mata ke nan, aka ba kowa shafinsa!

Wanda ya ga su biyun ba zai ga laifin malamin ba. Namiji kan kai milimita 90, kusan rabinsa duk baki ne, ga gashi jere a ƙarƙashin bakin. Mace ba ta wuce milimita 50. 'Yan ƙahonin shinshina na namiji suna can bakin tsini, nata kuwa sun ja baya zuwa tsakiya, don ita bakinta na aiki ne. Da shi take huda ɓawon itacen da ya mutu ko yake kan mutuwa, ta juya ta saka ƙwai ɗaya, ta toshe ramin da ɗiɗɗigar ɓawo. In ƙwan ya ƙyanƙyashe, 'yar tsutsar za ta yi kamar shekara biyu a ciki tana cin funfunar da ke tsirowa a raminta.

Shi gogan bakinsa na faɗa ne. Tana huda, yana tsaye a kanta yana gadi. In wani ƙato ya matso, sai a sa baki, kowa na neman ɗaga abokin karawarsa ya cillo shi ƙasa daga jikin itacen.

To amma mazan ma ba girmansu ɗaya ba, akwai wanda bai fi milimita 15 ba, wato babban ya ninka shi sau shida. Christina Painting ta bi diddiginsu lokacin bincikenta a Jami'ar Okland, ta ga ƙananan ba sa zama 'yan kallo. In sun haɗu da sa'ansu, su gwabza. In ƙato ne a wurin, sai ƙaramin ya lafe, ya sulale ƙarƙashinsa ko gefen macen, ya yi barbara, mai gadi na can yana hararar manyan abokan gaba. Da wannan dabara ce ƙananan maza ke barin nasu irin a bayansu.