Idan Jariri Ya Rasu Saboda Sakacin Ma'aikacin Lafiya, Akwai Diyya?

Tambaya: A garuruwanmu na ƙasar Bagudo, daga Tsamiya zuwa Lolo a kan iyakar Benin, sau da yawa ma'aikacin lafiya ko mai rakiyar motar asibiti ne ke fara karɓar yaro, ba likita ba. Idan jariri ya rasu a hannunsa, don ya zarce ƙa'ida wajen allura ko ya yi jinkirin tura shi babban asibiti a Birnin Kebbi, ƙaddara ce kawai ko akwai lamuni a kansa?

Amsa: Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ka sani, ɗan'uwa, ajali yana hannun Allah, amma imani da ƙaddara ba ya kawar da haƙƙin bawa. Wannan mas'ala tana da fuska uku.

Ta farko: ma'aikacin ƙwararre ne, yana da izinin hukuma da na waliyyin yaron, ya kuma bi ƙa'idar aikinsa. Wannan babu komai a kansa, ko da jaririn ya rasu.

Ta biyu: ƙwararre ne, amma ya yi kuskure ko sakacin da ya jawo mutuwar. Wannan hukuncinsa na kisan kuskure ne, kamar yadda Ibn Rushd ya bayyana a Bidayatul Mujtahid. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta wajabta diyya da kaffara. Diyyar tana kan danginsa na wajen uba, wato aƙila, sai dai in magada sun yafe. Kaffarar kuwa a yau azumin wata 2 ne a jere. Ƙarancin shekaru ba ya rage diyya: ta jariri namiji raƙuma 100 ce ko dinari 1,000 na zinariya, daidai da ta babba.

Ta uku: ya taɓa aikin da bai iya ba. Hadisin da Abu Dawud da Nasa'i suka ruwaito ya nuna cewa mai yin magani ba da sani ba shi ke da lamuni, kuma hukuma tana iya ladabtar da shi.

Ƙin karɓar yaron da ke bakin mutuwa sai an biya kuɗi zunubi ne babba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ma ta hana ƙin ba da taimakon gaggawa.

Sai dai kada ka yanke hukunci da zato ko zafin zuciya. Sakaci yana tabbata ne da shaidar ƙwararru amintattu a gaban alƙali. Ka adana katin asibiti da takardar magani, ka kai ƙara kotu. In a tsallaken iyaka abin ya faru, kamar Segbana, hukumar Benin za ka nufa. Ke kuma uwa, neman haƙƙi ba ya rushe haƙurinki, yafiya kuma tana da lada mai girma.

Allah ne Mafi sani.