Durƙuson Ɗaki da Gadon Asibiti

A ƙasar Hausa, tun kaka da kakanni, idan yarinya ta sami cikin fari har ya kai wata bakwai, akan mai da ita gidan iyayenta goyon ciki, domin ta sauka a hannun mahaifiyarta, wadda ta san halinta, wadda kuma za ta iya tsawata mata ba tare da an ce an wulaƙanta 'yar mutane ba. Can za a riƙa jiƙa mata saiwoyin maganin zaƙi, a hana ta rake da sukari, bisa imanin cewa zaƙi shi ke jinkirta haihuwa, a kuma karɓo mata rubutu daga wurin malam, duk wanda ya gan ta ya ce Allah ya raba lafiya.

To, ran da naƙuda ta taso, abin da tarbiyya ta ɗora mata shi ne jimiri da shiru, gama matar da aka ji kururuwarta daga zaure ta bar wa kanta abin faɗa har tsufanta, balle mai cikin fari, wadda kunya ta hana ta ko ambaton sunan ɗan da za ta haifa. Sai ta shige ƙuryar ɗaki ta durƙusa, sau da yawa ita kaɗai, tsofaffi na bakin ƙofa suna salati. Ungozoma kuwa, saɓanin zaton baƙi, galibi ba a aika mata sai an ji kukan jariri. Aikinta yanke cibiya, da binne mabiyiya a bayan ɗaki, da wankan jinjiri, kafin a yi masa kiran salla a kunne, dangi su fara shigowa barka.

Wanda ya lura da wannan tsari ba zai yi mamakin abin da ƙidayar lafiya ta Nijeriya ta 2018 ta nuna ba, cewa haihuwa 39 cikin ɗari ce ta auku a asibiti a ƙasar baki ɗaya, a Arewa maso Yamma kuwa kimanin 16 kacal. A ganina rashin adalci ne a jingina wannan duka ga jahilci, domin da yawa daga cikin matan nan suna zuwa awo, suna shan maganin ƙarin jini, amma idan lokaci ya yi sai su zaɓi ɗakinsu, kuma suna da hujjojinsu. A gida akwai sutura, alhali a asibiti za a kwantar da mace rigingine a gaban idon da ba ta sani ba, wataƙila ma namiji ne wanda ba muharraminta ba. Ga takardar kayan haihuwa da za a saya, safar hannu da auduga da sauransu. Ga faɗan wasu ma'aikata. Ga tsoron a ce sai tiyata. Sa'an nan ba ta fita sai da izinin maigida, shi kuwa yana iya kasancewa ya tafi cin rani, hanya kuma da damina Allah kaɗai ya san halinta. Saboda haka asibiti ya zama wurin da ake nufa in abu ya gagara.

Nan ne hasarar take. Kunyar da ta sa ta ɓoye ciwon, ita ce ke sa a wayi gari a kuma yini kafin a nemi mota, kuma zubar jini da jijjiga ba sa jiran shawarar dangi. Doguwar naƙuda ga yarinyar da ƙugunta bai ƙosa ba, wani lokaci da yankan gishiri a kai, ita ce ta riƙa cika asibitin Babbar Ruga na Katsina da masu yoyon fitsari, inda likita Kees Waaldijk ya shafe shekaru masu yawa yana yi musu aiki. Shi ya sa jihar Jigawa, da ta kafa shirin Haihuwa Lafiya, ta ba da ƙarfi ga motar ɗauko mai naƙuda daga ƙauye.

Ko wadda ta haihu a asibiti, da zarar an sallame ta hannun tsofaffi take komawa: wankan jego safe da yamma da tafasasshen ruwa da ganyen runhu ko darbejiya har kwana 40, da kunun kanwa, da gasasshen nama, da ƙauri daga wurin miji, ran suna a yanka rago. Likitocin Zariya sun bayyana tun shekarun 1970 cewa yawan kanwa da tsananin zafin nan suna da hannu a ciwon zuciyar da ke kama masu jego, don haka yanzu a wasu gidaje akan sirka ruwan, a rage kanwar, ko da kaka tana gunaguni.