Nisan Kano da Ikko: Ta Sama da Ta Ƙasa

Sau da yawa akan sami gardama a ofisoshin hakimai game da nisan da ke tsakanin Kano da Ikko. Wani ya ce mil 520 ne, wani ya ce ya fi mil 600. To, dukansu suna da gaskiya, sai dai kowa da hanyar da yake nufi. An rubuta wannan takarda don hakimai da malamansu su san bambancin, kada a yi kuskure wajen lissafin kuɗin hanya ko shirin tafiya.

Hanyar Sama

Jirgin sama ba ruwansa da kogi ko dutse. In ya tashi sai ya miƙe kusan sambal, kamar zaren da aka ja tsakanin ƙusa biyu. Bisa wannan awo, daga Kano zuwa Ikko kimanin mil 520 ne, watau kilomita 830, jirgi kuwa yakan ci su cikin misalin awa ɗaya da rabi. Kanawa sun daɗe da sanin wannan hanya, gama jiragen sama sun sauka a Kano tun shekarar 1925, sa'ad da guda uku suka zo daga Masar.

Hanyar Ƙasa

Mota kuwa tilas ta bi inda aka yi mata hanya. Takan ratsa garuruwa, ta kewaye duwatsu, ta nemi gada kafin ta ƙetare Kwara. Wanda ya bi ta Zariya, Kaduna, Tegina da Makwa, ya haye a Jebba, sa'an nan Ilori da Badun, zai yi tafiyar kimanin mil 620, watau kilomita 1,000. Wanda ya bi ta Abuja da Lakwaja zai ƙara a kan haka. In mota tana cin kilomita 60 a awa, tafiyar ta kusa awa 17, ban da tsayawar salla da cin abinci da shan mai.

Hanyar jirgin ƙasa, wadda ta iso Kano a 1911, ta kai mil 700.

Abin Da Ya Kamata A Kiyaye

Na farko, in malami zai rubuta takardar neman kuɗin hanya, ya bayyana hanyar da aka bi da garuruwan da aka ratsa. In ya aza rula a kan taswira ya rubuta abin da ya gani, ya tauye wa matafiyi mil 100. In kuwa ya rubuta nisan mota ga wanda ya hau jirgi, ya cuci baitulmali.

Na biyu, in ana son auna hanyar mota a taswira, a ɗauki zare a bi da shi kowace kwana, kana a miƙe shi a kan ma'aunin da ke gindin taswirar.

Na uku, tsofaffin takardu da mil suke lissafi, na yanzu da kilomita. Mil 5 daidai yake da kilomita 8, sai ɗan abin da ba a rasa ba.

Daga ƙarshe, kafin hakimi ya tashi, a tambayi direbobi halin da hanya ke ciki, musamman da damina. Gajeriyar hanya ba kullum ce mai sauri ba, Hausawa kuwa sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara.